Lagireto, fanka da hanyar iska: abin da ke sa tsohuwar mota tafasa

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar Fijo 504 ya san wannan fargabar. Watan Afrilu ne, rana ta take, ka shiga cunkoso a tsakiyar gari, ba gaba ba baya, sai ka ga allurar zafi ta fara hawa a hankali ta doshi ja. Da hanya ta buɗe ka taka mai, kafin ka ci kilomita biyu ta sauko ta koma mazauninta kamar ba abin da ya faru. Haka motar da na gada daga mahaifina ta yi ta wahalar da ni kusan shekara biyu. An wanke lagireto, an canja shi, an cire tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya ɗauki zafi), daga baya aka kawo wani ƙaton lagireto na wata mota aka yi masa ƙafafu da walda aka ɗaura. Duk da haka da na tsaya minti goma a rana inji na aiki, sai ruwa ya fara ƙugi.

Wani dattijon bakanike ne ya raba gardamar, kuma bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya ce in tayar da ita in bar ta ta ɗauki zafi. Muna tsaye, fanka na juyawa, ni a ganina lafiya lau take. Sai ya naɗe tsohuwar jarida ya kara ta a gefen fukafukan, fanka ta tsaya cak, inji kuwa yana ta aikinsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka gani? Rakiya kawai take yi. Ba ta jan komai." Sannan ya zura hannu tsakanin gefen lagireton da jikin mota, hannun ya wuce har wuyansa. "Ga kuma ƙofa an bar wa iska ta gudu." Na ce, "Baba, to duk kuɗin lagireton fa?" Ya ce an bar jaki ne ana dukan taiki.

Tun daga ranar nake kallon wannan ɓangare na mota da wani ido. Lagireto shi kaɗai ba ya sanyaya komai. Wuri ne da ruwan zafi da iska ke haɗuwa, ƙarfe siriri na tsakaninsu. Idan iskar ba ta ratsa ta cikinsa ba, ko da girman ƙofar gari ne shi, tukunyar ruwan zafi ce kawai aka ɗaura a gaban mota.

Zafin da ake magana a kai ba kaɗan ba ne. A injin fetur irin na da, abin da ke kaiwa ga taya daga ƙarfin man da aka ƙona bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku yana fita ta salansa, sauran kuma, wanda shi ma ya kusa haka, ruwa da jikin inji ne ke kwashe shi. Wato gwargwadon ƙarfin da motar ke ja da shi, kusan haka ne zafin da lagireto zai zubar wa iska. Kuma yawan zafin da zai iya zubarwa ya dogara ne a kan tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iskar waje. A Faransa, ruwa na kan digiri 90 iska na kan 20, tazara 70 ke nan. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai cikin bazara, iska ta kai 42, tazarar ta koma 48. Lagireto bai lalace ba, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi. Shi ya sa ɗan sakacin da mota za ta jure a Turai, a nan ba ta yafe shi.

Masu ƙera mota na farko sun sha fama da wannan. Motocin ƙarshen ƙarni na 19 tankin ruwa suke ɗauka, ruwan ya tafasa ya ƙone, a tsaya a ƙara. Wilhelm Maybach, injiniyan kamfanin Daimler a Jamus, shi ya fito da lagireto mai kama da saƙar zuma a motar Mercedes mai ƙarfin doki 35 ta shekarar 1901. Ƙananan bututai 8,070 ya jera ya liƙe, kowanne mai kusurwa huɗu, faɗinsa milimita 6. Iska ke bi ta cikin bututan, ruwa na zagaya su ta waje. Da wannan ruwan da motar ke buƙata ya sauko daga lita 18 zuwa 9. Abin lura shi ne ya sa fanka a bayan lagireton tun a lokacin, domin ya san mota ba kullum take gudu ba.

Ford Model T da ta fito a 1908, in ban da 'yan na farko-farko, ba ta da famfon ruwa ma. Ruwan da ya yi zafi yana yin sauƙi ya taso sama ya zuba a tankin saman lagireto, ya huce ya yi nauyi ya gangara ƙasa ya koma inji. Wannan tsari ba ya aiki sai lagireto ya fi inji tsayi sosai, kuma dalilin da ya sa tsofaffin motoci ke da doguwar fuska a tsaye ke nan. Ba ado ba ne, larura ce, daga baya ta zama ado. Da famfon ruwa ya zama ruwan dare, masu zanen mota kuma suka so hanci ya sunkuya, sai lagireto ya gajarce ya yi faɗi. Ƙarshe aka mayar da tankunan gefe da gefe, ruwa na tafiya a kwance daga wannan hannu zuwa wancan. Wannan na kwancen yana da wata fa'ida: ana iya sa murfin a tankin da ruwa ya riga ya huce, inda matsin famfo ba ya dukansa, don haka ba ya tofar da ruwa idan an ba inji wuta.

Murfin nan ma ba murfi ba ne kawai. Akwai sifirin a cikinsa da ke riƙe matsi. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a Jos kuwa wajen 96 saboda tsayin ƙasa. Idan murfi ya riƙe matsin da ya kai bar ɗaya a ma'aunin matsi, ruwan ba zai tafasa ba sai ya kai kusan 120. Murfin da robarsa ta mutu, ko wanda aka maye da tsumma da leda, ya kwashe wannan rarar gaba ɗaya. Na sha ganin an sayi lagireto sabo fil an mayar masa da mataccen murfi.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, wato fanka da inda take zama.

Iska ba ta bin umarni, sauƙi take bi. Tana tashi daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kuma a kan hanya duk inda ta ga kafa nan za ta bi. Saƙar lagireto kuwa matsatsiyar hanya ce. Idan mota na gudu, gabanta na ture iska, matsi ya taru a gaban lagireto, iskar ta kutsa ta ciki da kanta. Daga kamar kilomita 50 ko 60 a awa, yawancin motoci ba sa buƙatar fanka sam. Aikin fanka na lokacin tsayuwa ne da tafiyar hawainiya da hawan tudu da kaya, lokacin da inji ke haƙilo amma iskar gudu babu.

Fankar da ke bayan lagireto tsotsa take yi. Tana rage matsi a bayansa, iskar gaba ta biyo. Amma fanka ba ta san daga ina iska ta zo ba. Idan an bar ta tsirara da tazarar taƙi guda daga lagireto, za ta jawo iskar da ta fi kusa da sauƙi, wato zazzafar iskar cikin ɗakin inji, ta gefe, ta sama, ta ƙasa, ta yi ta juya ta a wuri guda. Ƙarar na nan, guguwar na nan, amma abin da ya ratso saƙa ɗan kaɗan ne. Maganin wannan shi ne gidan fanka, kwanon nan ko roba mai kama da mazurari da ke rufe bayan lagireto ya bar rami ɗaya daidai da'irar fukafukai. Da shi, duk iskar da fanka za ta ja dole ta fito ta cikin saƙa, har da kusurwoyi huɗun da da'irar fanka ba ta kaiwa. Ƙa'idar da masu aikin suka saba da ita ita ce kamar rabin kaurin fukafukai ya shiga ramin, rabi ya rage a waje, kuma tazarar bakin fiffike da bakin rami ta zama kaɗan, daidai yadda girgizar inji ba za ta sa su gogu ba. In ta nutse ciki da yawa, iska ta ruɗe a cikin gidan. In ta fito waje gaba ɗaya, an koma gidan jiya.

Wannan kwanon ne ya fi komai ɓacewa a tsofaffin motoci. Yana hana hannu kaiwa ga fambel, yana ƙara noti huɗu a aiki, sai a cire a jingine a gindin darbejiya, mota ta tafi ba shi. Tare da shi sukan tafi su robobi da soso da ke toshe gefen lagireto, da faifan da ke ƙarƙashin hancin mota. Kowannensu kamar tarkace yake, alhali su ne bangon da ya raba iskar gaba da iskar baya. Idan bangon ya faɗi, a tsaye zazzafar iskar da ta fito ta baya tana zagayowa ta sake shiga ta gaba, a guje kuma iskar sanyi na sulalewa ta gefe ta cika ɗakin inji, matsin baya ya tashi, wadda ya kamata ta ratsa saƙa ta rasa wurin fita. Mutane na yawan tunanin yadda iska za ta shiga, ba su cika tambayar ta ina za ta fita ba.

Wanda ya fahimci wannan sosai shi ne Alec Issigonis, mai zanen Mini ta Ingila a 1959. Ya kwantar da inji a gicciye don ya samu wurin zama, sai fanka ta koma tana kallon gefen hagu. Maimakon ya yi ta dabarar juyo da ita, sai ya kai lagireton can gefe, ya sa fanka ta tura iska ta cikinsa zuwa ramin taya, inda matsin iska ke ƙasa idan mota na tafiya. Kuɗin da aka biya shi ne iskar sai ta shafi inji ta ɗumama kafin ta kai lagireto. Duk da haka tsarin ya yi aiki har 1996, lokacin da aka dawo da lagireto gaba aka sa fankar lantarki. Tun kafin wannan, Renault ta daɗe tana sa lagireto a bayan inji, daf da gilashin direba, har ƙarshen shekarun 1920. Jaguar E-Type ta 1961 kuwa darasi ce ta ɗaya ɓangaren: kyakkyawan hanci mai ɗan ƙaramin baki, da fankar lantarki guda mai fiffike biyu. A buɗaɗɗen titi ba laifi, a cunkoson biranen Amurka sai tafasa. Zuwa 1968 kamfanin ya buɗa bakin ya sa fanka biyu.

Fankar da fambel ke ja kai tsaye tana da wani aibi na asali. Lokacin da aka fi buƙatarta, inji na silo, ita ma silo take. Lokacin da ba a buƙatarta, a kan babban titi, tana ta haukan juyi. Kuma ƙarfin da take ci ba ya hawa daidai da gudunta: in gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take sha ninki takwas yake yi. Fijo ta nemi maganin wannan tun a 403, ta ci gaba da shi a 404 da 504. Ta sa kulocin maganaɗisu a kan fulin famfon ruwa. Akwai makunni mai jin zafin ruwa. Da ruwa ya kai wani mataki sai ya ba da wuta ta wani ɗan gawayi, maganaɗisu ya kama fanka ta shiga aiki, da ya huce ya sake ta. Idan ta saku, gogayyar boris kaɗai ke ɗan juya ta, shi ne rakiyar da dattijon nan ya nuna mini. A tawa motar gawayin ne ya cinye. Wasu motocin, irin su Marsandi da dama na shekarun 1970 da 1980, kuloci mai man silikon suke amfani da shi, da ɗan ƙarfe a goshinsa mai lanƙwashewa idan zazzafar iskar lagireto ta buge shi. Shi ma idan mansa ya tsiyaye haka yake rakiya. Gwajin jarida na masu ƙwarewa ne, kuma kada wanda ya kuskura ya gwada da hannu.

Abin da aka saba yi a garejinmu shi ne a ɗaure fankar Fijo ta zama dairek. Ban ga laifin wanda ya yi haka a tsakiyar daji don ya isa gida ba, kuma a garin da zafi ke kai 40 na fahimci mai cewa hankalinsa ya fi kwanciya da hakan. Sai dai ya san abin da ya saya: ƙara, ƙarin shan mai, da nauyi a kan boris na famfon ruwa da fambel. Ni dai na gwammace a gyara kulocin in kayan na samuwa.

Cire tamostat kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan. Tamostat mai lafiya idan ya buɗe, ya buɗe, ba shi ke sa mota tafasa ba. Aikinsa ya hana inji yin sanyi fiye da kima. Injin da ke tafiya da sanyi, musamman da asuba cikin hunturu, yana shan mai, fetur na wanke bangon silinda, ringi na cinyewa da wuri. Ban da haka, ɗan matsewar da yake yi wa hanyar ruwa tana ƙara matsi a cikin kan inji, wanda ke hana ruwa tafasa a lungunan da suka fi zafi kusa da bawul ɗin hayaƙi. A wasu injuna, ciki har da na Marsandi da yawa, tamostat na da aiki na biyu: idan ya buɗe hanyar lagireto yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji kawai. Ka cire shi, wani kason ruwan ya riƙa bin gajeriyar hanya bai ga lagireto ba. Garin neman gira an rasa ido. Ita kuma 504, da aka fara haɗawa a Kakuri cikin Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, jikin injinta baƙin ƙarfe ne, kansa alminiyom. Ƙarafa biyu ne da ba sa buɗewa daidai idan sun ji zafi, don haka tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta ƙona gasket ko ta lanƙwasa kan.

To ƙaton lagireto fa, mai layi uku ko huɗu? Yana taimakawa, amma ba yadda ake zato ba. Layin farko ne ke samun iska mai sanyi. Kafin ta kai na huɗu ta riga ta ɗumama, abin da za ta ɗauka kaɗan ne, ga shi kuma kaurin ya ƙara wa fanka wahalar ja. Mota mai raunin fanka, in ka ƙara mata kauri, tana iya ƙara lalacewa a cunkoso. Faɗin fuska ya fi kauri amfani. Haka gardamar jan ƙarfe da alminiyom. Jan ƙarfe ya fi alminiyom saurin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, amma a tsohon lagireto fallayen ne kawai na jan ƙarfe, bututan na tagulla ne, an liƙe su da dalma, ita kuwa dalma ba ta miƙa zafi da kyau. Na alminiyom ana yi masa bututai masu faɗi, layi biyu su yi aikin huɗu, iska ta wuce da sauƙi. Amma na da yana da abin da ya fi shi a wurinmu: mai gyaran lagireto na bakin kasuwa zai narke dalma ya buɗe tanki, ya zura tsinke ya bi bututai ɗaya bayan ɗaya, ya mayar ya liƙe. Ruwan rijiya da na burtsatse da muke ɗurawa suna barin ƙanzo da tsatsa a ciki, shi ya sa ruwan kulan mai maganin tsatsa ya fi, ko da yake a ɗaukar zafi zallan ruwa ya ɗan fi shi. Ta waje kuma ƙurar hunturu da ƙwari da ƙaiƙayi na cushe saƙa; a wanke ta daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi don kada fallaye su kwanta.

Masu ƙara fankar lantarki su lura da abu uku. In akwai wuri, a bayan lagireto ta fi, domin wadda ke gaba, ita da injin lantarkin da ke juya ta, suna tare iskar gudu, kuma turawa ba ta baza iska a saƙa kamar tsotsa. Ta gaba tana da amfani a matsayin mataimakiya, kamar yadda Marsandi ke sawa a gaban kwandensar AC. Na biyu, juya fiffike baya-gaba ba ya juya alƙiblar iska, rage ƙarfinta kawai yake yi. Abin da ke juya iska shi ne juya wayoyin injin lantarkin fankar, kuma na ga wadda aka haɗa a juye tana ture iskar gudu waje. Na uku, tana cin wuta. Tsohon dainamo na Lucas da ke motocin Ingila amfiya 22 yake bayarwa gaba ɗaya, babbar fanka guda na iya cinye rabi ko fiye.

Ko Volkswagen Bitil, da aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975, wadda ba ta da lagireto ba ta da ruwa, wannan dokar ce ke riƙe da ita. Fankarta na cikin gidan kwano a saman inji, fambel ɗin dainamo ke juya ta, kwanuka na karkasa iska zuwa silinda huɗu. Robar da ke zagaye da inji ita ke hana zazzafar iskar ƙasa dawowa sama. A tsofaffin samfuri, na'urar sanyaya baƙin mai na cikin gidan fankar a kan hanyar iskar silinda ta uku, shi ya sa ita ce ke fara ƙonewa, har sai wajen 1971 da aka fitar da na'urar gefe aka ba ta hanyarta daban. Direban Bitil da ya san motarsa, da jar fitilar caji ta kama yake tsayawa, domin in fambel ne ya tsinke fanka ma ta tsaya.

Daga duk wannan akwai alama mai sauƙi da ke nuna inda za a fara dubawa. Motar da ke zafi a tsaye ta huce a guje, iska ce ta yi mata kaɗan: a duba fanka, kulocinta, gidanta da kafofin gefe. Wadda ke lafiya cikin gari amma ta ɗau zafi a hanyar Kaduna zuwa Kano, a duba ɓangaren ruwa: toshewar bututai, famfon da fukafukansa suka cinye, tiyon ƙasa da ke shaƙewa idan famfo ya tsotsa da ƙarfi, ko taimin da ya kauce. Wadda ke zafi ko'ina, kuma kumfa na tasowa a bakin lagireto, gasket ya riga ya tafi.

Tawa motar, dattijon ya sa sabon gawayi, ya mayar da tamostat, ya nemo lagireto daidai gidansa mai layi biyu ya cire ƙaton. Ya aika yaronsa wurin masu ƙera akwatin kwano aka lanƙwaso gidan fanka, ya yanka tsohon tif na taya ya toshe gefe da gefe. Da ya gama ya tayar da ita, muka jira har muka ji ƙas, kuloci ya kama. Sai ya ɗauki fallen jaridar nan ya saki a gaban raga, takardar ta manne ta ƙi faɗuwa.